Ɗan Ƙwallo da Gidan da Ya Raine Shi: Magana ga Mutanen Garo

Ranar 25 ga watan Yuni na shekarar 2014, a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, Lionel Messi ya jefa wa Nijeriya ƙwallo a raga tun a minti na uku, kuma mutanen Ajantina ba su gama murna ba sai wani siririn saurayi haifaffen Jos, wanda Kanawa suka riga suka san gudunsa tun yana sanye da rigar Kano Pillars, ya rama ta nan take. Da Messi ya ƙara ta biyu gab da tafiya hutu, saurayin nan, Ahmed Musa, ya sake ramawa minti biyu da dawowa, har dai Marcos Rojo ya zo ya raba gardama, aka tashi uku da biyu. Duk wanda ya kalli wannan wasa a gidan kallo, a Garo ne, ko Kabo, ko Gwarzo, ya fito da yaƙinin cewa Allah Maɗaukakin Sarki, da Ya raba baiwa tsakanin bayinSa, bai keɓe wa yaran Ajantina wata irin ƙafa ta daban ba. Amma duk da haka sau biyar muna gamuwa da mutanen nan a gasar cin kofin duniya, a 1994, da 2002, da 2010, da 2014, da 2018, kuma sau biyar ɗin suna rinjayarmu da ratar ƙwallo ɗaya tak. Abin da ke maimaituwa haka ya wuce a kira shi tsautsayi, lalle yana da sababi, ni kuwa a ganina sababin yana ga gidan da ɗan wasa ya fito daga cikinsa, da kuma abin da yake tararwa ranar da ya gama yawon duniyarsa ya komo.

Bari mu bi sawun Ahmed Musa tukuna, domin shi ne misali mafi kusa da mu. An haife shi ranar 14 ga Oktoba 1992, ya fara a makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya buga wa JUTH, sa'an nan ya zo Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a kaka guda a gasar ƙwararru ta ƙasar nan kafin shi. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ta jira shi ya cika shekara 18 kafin ya buga mata, saboda dokar FIFA ta hana a ƙetara da yaro wata ƙasa don ƙwallo kafin wannan shekara. A farkon 2012 ya koma CSKA Moscow, kuma a can ne tauraronsa ya fi haskawa, domin ya jure sanyin Rasha da nisan gida har ya ɗauki kofin gasar ƙasar sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Leicester City, wadda ta girgiza duniya da ɗaukar kofin Firimiya, ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai fam miliyan 16.6, wanda a lokacin ba ta taɓa biyan kamarsa a kan wani ɗan wasa ba. Sai dai Ingila ba ta karɓe shi ba, ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar, zaman benci ya yawaita, har aka mayar da shi Moscow aro a 2018. A shekarar nan ya ci Iceland biyu a gasar duniya, ya wuce Al-Nassr ta birnin Riyadh, ya ɗauki kofin Saudiyya da ita a 2019. Bayan nan ya dawo Pillars a watan Afrilu na 2021 ya yi 'yan watanni, ya fita Turkiyya ya buga wa Fatih Karagumruk da Sivasspor, sa'an nan ya komo Pillars baki ɗaya a 2024, kuma a 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi janar manajan ƙungiyar.

Wannan tafarki abin yabo ne, kuma wanda ya hana masa yabo bai yi adalci ba. Da yawa daga cikin 'yan wasanmu da suka ɗanɗana kuɗin Turai ba su sake yarda su shiga motar ƙungiya su kwana a hanyar Aba ko Fatakwal ba, alhali kowa ya san haɗarin hanyoyin nan, don ba mu manta da watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta tana kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Mutumin da ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 100, ya gina cibiyar wasanni a Kano da Kaduna da dukiyarsa, ya kuma dawo yana guje-guje a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata tare da yaran da suka girma suna kallonsa a talabijin, ya sauke wani nauyi na amana. Haka Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ya zaga Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya da Bulgeriya, shi ma ya komo Pillars. Tambayata ita ce, da suka komo, me suka tarar, kuma hannun wa za su danƙa wa abin da suka koyo?

A nan ne labarin Ajantina yake da fa'ida a gare mu. Angel Di Maria, wanda ya hana mu lambar zinariya a wasannin Olamfik na Beijing a 2008 da ƙwallonsa guda, ɗan mai sayar da gawayi ne a birnin Rosario, ya tashi yana taya mahaifinsa ɗura gawayi a buhu. Ƙungiyar Rosario Central ta karɓe shi tun yana ƙanƙane daga wani ɗan kulob na unguwa, ta raine shi, ta sayar wa Benfica a 2007. Daga nan Real Madrid a 2010, Manchester United a 2014, Paris Saint-Germain a 2015, Juventus, sai Benfica kuma, kuma a 2025, bayan ya ɗauki kofin duniya na 2022, ya komo Rosario Central ɗin da ta yaye shi. Wanda ya fi wannan jan hankali shi ne Juan Sebastian Veron, wanda ya bar Estudiantes ta birnin La Plata ya zaga Sampdoria da Parma da Lazio da Manchester United da Chelsea da Inter, ya dawo gida a 2006, a shekarar nan ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa bayan shekara 23 tana nema, a 2009 kuma ta ɗauki kofin nahiyar Kudancin Amurka. Da ya ajiye takalmi, membobin ƙungiyar suka zaɓe shi shugabansu a 2014, a zamaninsa kuma aka kammala sabunta filin wasansu a 2019. Haka membobin Boca Juniors suka zaɓi Juan Roman Riquelme a watan Disamba na 2023.

Mai karatu ya lura da kalmar zaɓe da kalmar membobi, domin a nan asirin yake. Manyan ƙungiyoyin Ajantina mallakar jama'arsu ne, mutum yana biyan kuɗin wata a ba shi kati, ya shiga kallo da shi, ya kai 'ya'yansa su koyi ninƙaya ko ƙwallon kwando, ranar zaɓe kuma ya jefa ƙuri'a. River Plate tana da membobi fiye da 300,000, tana kuma da makarantar karatu a harabar filin wasanta. Saboda haka idan ɗan wasansu ya komo, gida yake tararwa mai tushe da littattafai da dukiya, wanda ya girme shi, kuma zai wanzu bayansa. Mu kuwa Kano Pillars, tun da aka kafa ta a 1990, ta gwamnatin jiha ce, gwamna ne mai naɗa shugabanninta, baitulmali ne mai biyan albashinta, kuma idan mulki ya sauya hannu yawanci shugabancinta ma yakan sauya. Ba na musun abin da ta yi a ƙarƙashin wannan tsari, ga kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ga fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ga kofin ƙalubale na 2019. Amma ƙungiyar nan ita ce kuma ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kuma dubban magoya bayanta masu cewa Sai Masu Gida ba su da wata majalisa da za su tsayar da shugaba su tambaye shi ba'asi, sai dai surutu a gidajen rediyo da fushi a bakin fili. Muƙamin da aka ba Ahmed Musa ya dace da shi, sai dai naɗi ne, wanda ya naɗa kuwa yana da ikon saukewa.

To, me ya haɗa mutumin Garo da wannan zance? Abin da ya haɗa shi ya fi abin da ya haɗa mutumin birni, domin matsalar tun daga ƙasa ta faro. Malamanmu na zaure suna da wata kyakkyawar al'ada wadda ta kamata mu yi ƙiyasi da ita: idan almajiri ya tafi gabas neman ilmi, ya shekara goma ko ashirin yana bin malamai, ranar da ya komo ya buɗe makaranta ba ya da'awar cewa daga sama ilmi ya sauko masa, sai ya jero silsilar malamansa ɗaya bayan ɗaya, tun daga wanda ya ba shi ijaza har zuwa wanda ya fara rubuta masa a allo, kuma darajarsa a idon masana tana gwargwadon ingancin wannan isnadi. Hukumar FIFA ta mayar da irin wannan hakki doka, har ta ɗora kuɗi a kansa. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, wajibi ne a cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara tsakanin 12 da 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ciniki, kowace shekara tsakanin 16 da 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. Idan muka yi hisabi da ciniki irin na Leicester, fam miliyan 16.6, kashi biyar ɗin ya zama fam 830,000, ƙungiyar ƙauye kuwa da ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15 rabonta fam 166,000 ne. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira a kan canjin yau, sa'an nan ya tambayi kansa azuzuwa nawa da rijiyoyin burtsatse nawa zai yi a Garo. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Faris wanda aikinsa ke nan, ya bi tarihin ɗan wasa ya isar da kuɗin ga masu shi.

Sharaɗin kuwa guda ne, kuma a kansa muke faɗuwa: sai ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, sai kuma an shigar da sunan yaron a ƙarƙashinta tun yana cikinta. Abin da ba a rubuta ba, a wurin FIFA bai faru ba. Mutanen Ajantina sun ƙware a wannan fanni ƙwarai, har suna ƙara wasu sharuɗɗa nasu a kan na doka. River Plate da ta sayar wa Benfica Enzo Fernandez a 2022 ta riƙe wa kanta kashi 25 cikin ɗari, saboda haka da Chelsea ta saye shi a kan yuro miliyan 121 a farkon 2023, rabonta ya zo mata har gida ba tare da ta roƙi kowa ba.

A garuruwanmu na yammacin Kano kuwa ga yadda al'amarin yake gudana. Babu unguwar da ba ta da ƙungiya, babu filin firamare da ba ya cika da yamma, kuma a kowane gari akwai wani bawan Allah da ake kira koci, wanda yake sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya yi wa yaro ɗauri idan ya gurɗe, ya je ya ba uba haƙuri idan ya hana ɗansa fita. Yaron da Allah Ya ba baiwa zai shekara huɗu ko biyar a hannun wannan mutum, sa'an nan ya shiga Kano, wata makarantar ƙwallo ta birni ko ta Abuja ko ta Ikko ta rubuta sunansa, kuma daga ranar nan tarihinsa ya fara a takarda, kocin ƙauye da garinsa suka fita daga lissafi har abada. Gasar da ake shiryawa kuwa galibi ta masu neman kujera ce, a raba riguna masu hoton ɗan takara, a ba da kofi da 'yan kuɗi, zaɓe na wucewa a watse. Ba na zargin wanda ya ba da kofi, domin kyauta alheri ce. Abin da nake cewa shi ne irin wannan ba ta barin komai a baya. A cikin wannan duhu ne kuma ejan ƙarya yake samun ƙofa, ya zo da hotunan da ya ɗauka da wasu Turawa, ya ce akwai gwaji a wata ƙasa, uba ya jinginar da gona ko ya sayar da shanun huɗa, yaro ya je ya maƙale a inda bai san kowa ba. Da akwai ƙungiya mai rajista da sakatare mai ilmi, tambaya ɗaya ta isa ta kori irin wannan mutum, wato ina lasisinka na FIFA, ina kuma takardar gayyata daga ƙungiyar da kake faɗa. Haka batun rage shekaru, wanda ya zubar da mutuncinmu har FIFA ta shiga auna ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 da na'ura tun 2009, maganinsa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da littafin da aka rubuta yaro a ciki tun yana ɗan shekara 12.

Na san akwai malamai da iyaye a Garo da za su ce wannan duka lagawu ne, ƙwallo ya shagaltar da samari daga salla da karatu, ya kawo gaba tsakanin unguwanni, yanzu kuma ga caca ta shigo ta wayar hannu tana cinye ɗan abin da yaro ya samu. Maganarsu gaskiya ce, ban kuwa ɗauke ta da wasa ba. Amma ina roƙonsu su duba cewa waɗannan ɓarnace-ɓarnace duk sun auku ne alhali babu mai riƙe da linzamin abin, kuma hani bai rage ko yaro ɗaya daga fili ba. Ƙungiyar da dattawan gari ke cikin shugabancinta ita ce kaɗai za ta iya hukunta cewa a tashi daga fili kafin kiran magariba, ba a yin atisaye lokacin Islamiyya, yaron da ba ya zuwa makaranta ba ya sa riga, wanda aka kama da caca ko ƙwaya an dakatar da shi. Uba shi kaɗai ba ya iya wannan, domin yaro ya fi tsoron a cire shi daga jerin 'yan wasa a kan bulala. Maslaha a nan a bayyane take ga mai lura.

Kada kuma a ɗauka ina cewa Ajantina aljannar duniya ce. Ƙungiyoyinsu da yawa bashi ya yi musu katutu, gungun 'yan daba na magoya baya sun sha zubar da jini a filaye, Di Maria kansa ya jinkirta komawarsa Rosario a 2024 saboda barazanar da miyagu suka yi wa iyalinsa. Abu biyu kawai nake so mu ɗauka daga wurinsu, mallakar jama'a da riƙon littafi.

Wajibi ne kuma a gaya wa samarinmu gaskiya, ko da ba su so: mafi yawansu ba za su taɓa taka Turai da sunan ƙwallo ba, kuma ƙungiyar gari tana iya shekara ashirin ba ta fitar da wanda za a saya da fam miliyan ɗaya ba. Wannan bai rage mata daraja ba. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, a gida ya yi zamaninsa, ya ɗauki kofuna da Pillars, ya haura shekara 40 yana ci mata ƙwallo, kuma babu lungun da za ka shiga a jihar nan a ce ba a san shi ba. Tsakanin filin firamare na Garo da filin Leicester akwai matakai masu yawa, akwai gasar jiha, da rukunin masu tasowa na ƙasa, da rukuni na biyu, da Firimiyar Nijeriya, kuma a kowane mataki akwai abincin halal ga ɗan wasa, da koci, da alƙalin wasa, da mai duba lafiya, da telan da ke ɗinka riguna. Wanda bai kai ko'ina ba ma ya tsira da lafiyar jiki da ladabin bin doka, ya kuma koma gonarsa ko kasuwarsa bai sayar da gadon ubansa ba.

Don haka kirana ga masu sarautar Garo, da limamai, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da 'yan garin da ke aiki a Kano da Abuja, shi ne su tara koci-kocin unguwanni a zauna a kafa ƙungiya guda ta gari, wadda ba ta ɗauke da sunan kowane mutum ko jam'iyya. A rubuta mata ƙa'idoji, kowane memba ya riƙa biyan abin da bai fi ƙarfin mai shayi da ɗan acaɓa ba a wata, a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, a kuma zaɓi shugabanni da ƙuri'a. A roƙi Ƙaramar Hukumar Kabo ta keɓe fili ta ba da takardarsa da sunan ƙungiyar, ya zama kamar waƙafi, don kada wata rana a wayi gari an yanka shi fuloti. Ƙungiyoyin unguwanni su ci gaba da zamansu a ƙarƙashinta, kuma a rubuta tun yanzu kason da zai koma ga kocin da ya fara riƙe yaro idan Allah Ya kawo rabo, domin kada kuɗi su zo su raba zumunci. Ga Ahmed Musa kuma, tun da ragamar Pillars tana hannunsa, ina roƙonsa ya sa ƙungiyar ta riƙa rubuta sunan kulob ɗin ƙauyen da kowane yaro ya fito, ta kuma ba shi hakkinsa ranar ciniki, don idan Masu Gida suka fara sauran za su bi. Mutanen Gwarzo da Kabo su ma wannan magana tasu ce. Matakin farko bai wuce littafi ɗaya, da takardun haihuwar yara, da wakilai biyu da za su shiga mota su je ofishin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Kano su nemi rajista ba, kuma ya kamata a yi shi kafin a fara gasar rani mai zuwa.